Awa Biyar Daga Alƙahira Zuwa Kano

Da sunan Allah na ɗauki biro a kan wannan babi, bayan na daɗe ina kewaye shi. Aminu, Jidda, Sadiya, ku nake nufi. Kun tashi kuna jin labarin rasuwar babanku a bakuna daban-daban, kowa da irin nasa. Wasu sun ce muku ni na zare shi daga gadon asibiti a Misira alhali yana samun sauƙi. Wasu sun ce tun a can ya cika, na ɓoye, na ɗora gawa a keken marasa lafiya na shigar da ita jirgi kamar mai rai. Na san kun ji, domin ban manta ranar da Aminu ya dawo daga Roni, wajen dangin babanku, ya yi kwana biyu bai taɓa abincina ba.  Yanzu gwiwoyina sun gaji, idona ya fara hazo, ba na son in tafi in bar ku da zancen wasu. Zan faɗa muku abin da na gani da idona. Abin da ban gane ba kuma zan ce ban gane ba.

Babanku malamin gona ne, kun sani. Shekara da shekaru yana kan babur tsakanin Kazaure, Gwiwa da Babura, yana duba gonakin mutane yana faɗa da tsutsar wake. Ni kuma ina koyar da labarin ƙasa a makarantar 'yan mata, ina zana taswira a allo ina nuna wa yara ƙasashen da ban taɓa takawa ba. A bazarar shekarar da ya rasu idanunsa suka fara yin rawaya, cikinsa ya kumbura, ya daina iya gama tuwo malmala ɗaya. Daga asibitin Kazaure aka tura mu Kano, a Kano aka ce hanta ce, aka ce idan da hali a gwada Misira. Ni aka zaɓa in raka shi saboda ina jin Turanci, shi kuma yana da Larabcinsa. Yayansa, baffanku Habu, bai so haka ba, ya fi son namiji ya je, amma babanku ya ce ni yake so.

Kafin mu tafi sai da muka je ƙauyensu a bayan Roni ya yi sallama da Inna, kakarku. Akwai abin da ya kamata ku sani game da ita. Mijinta, kakanku, fatauci ya tafi Kurmi babanku yana goye, ya rasu a can, aka binne shi a wani gari da ba ta ma iya faɗin sunansa daidai. Hularsa kawai aka kawo mata. Duk rayuwarta wannan abu bai bar ta ba. Ranar da muka je, ta riƙe wuyan hannun babanku ta daɗe tana kallonsa.

"Ban hana ka neman magani ba," in ji ta. "Amma kada a kawo min hula. Ka ji ni? Ko da ƙafarka ko a kafaɗar mutane, nan za ka dawo."

"Na ji, Inna. In Allah ya yarda."

"Ke ma kin ji, Saude?"

Na ce na ji.

Mun yi mako uku a Alƙahira. Ba zan ja ku da zancen allurai da ƙarin ruwa ba. A mako na uku babban likitan, wani dattijo mai magana a hankali, ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Ya ce ciwon ya wuce inda za a yi aiki. Ya ce idan muka zauna za su iya riƙe shi wasu makonni, wataƙila wata guda, ba zai ji zafi sosai ba. Na tambaye shi idan muka tafi gida fa. Ya juya tafin hannunsa sama, ya ce tafiya za ta wahalar da shi, yana iya kaiwa, yana iya kasa kaiwa, shi ba zai yi min ƙarya ba. Na koma ɗaki ina shirya yadda zan sassauta maganar, sai na tarar babanku ya riga ya karanta ta a fuskata.

"Malama," haka yake kirana idan yana so in yi dariya, "ɗauko takarda ki yi min lissafinki na aji. Daga wannan gadon zuwa ɗakin Inna, awa nawa ne?"

Na juya bayan takardar magani na rubuta. Daga asibiti zuwa filin jirgi awa ɗaya, saboda cunkoson garin. Zaman jira da duba fasfo awa uku. Daga Alƙahira zuwa Kano, idan jirgi bai tsaya ko'ina ba, kilomita dubu uku ne da ɗoriya, wajen awa biyar a sama. Daga Kano zuwa Roni a mota awa biyu. Na haɗa, goma sha ɗaya. Na gaya masa akwai wani jirgin da zai tashi washegari, amma sai ya bi ta Habasha, a sauka a jira a canza wani, tafiyar ta kusa cinye yini da kwana. Mai zuwa Kano kai tsaye kuwa sai bayan kwana uku. Ya karɓi takardar ya duba kamar mai duba ganyen da tsutsa ta ci.

"Na Habasha ba zan iya ba. Amma goma sha ɗaya zan iya. Ki nema mana shi."

"Malam, likita ya ce idan muka zauna..."

"Wata guda a nan, sannan me? Su sa ni a ƙasar da ba wanda zai zo ya tsaya a kaina? Ke kika ce wa Inna kin ji."

Da yamma na kira baffanku Habu a waya na gaya masa komai. Ya yi ta faɗa har sai da na janye wayar daga kunnena.

"Kada ki kuskura ki fito da shi daga asibitin nan! Mara lafiya ne, ba ya cikin hayyacinsa. Ni ne babba, ni nake ba ki umarni."

"Yaya, yana cikin hayyacinsa. Ga shi ku yi magana."

"Ba zan yi magana da shi ba, da ke nake. Idan wani abu ya same shi a hanya, yana wuyanki."

Na yi kwana biyu ina juya maganar nan. A rana ta uku na sa hannu a takardar sallama, likitan ya ba mu wata takardar ta shiga jirgi. Ba wanda ya tilasta ni. Wannan ɓangaren na zancen mutane gaskiya ne: ni na sa hannu, kuma na saɓa wa baffanku.

Da safe muka tashi, wajen tara da rabi. A keke aka tura shi har ƙofar jirgi, maza biyu suka kama shi suka zaunar da shi a kujerar jikin taga. Ni ina tsakiya. A ɗaya gefena wata tsohuwa ce 'yar Nijar, daga Magarya, an yi mata aikin ido, ɗaya idon a rufe da auduga. Muka gaisa, ta ce ai ta san Babura, tana zuwa cin kasuwa tun tana yarinya. Babanku har ya tanka mata, ya tambaye ta yadda damina ta yi a wajensu. A saman kawunanmu akwai ƙananan talabijin da suka sauko daga rufin jirgin, suna nuna taswira da ɗan hoton jirgi yana rarrafe a kanta, sai kuma su juya su nuna nisan da ya rage da lokacin da ya rage. Kowa ya kwantar da kai ya yi barci ko hira. Ni ban iya ɗauke idona daga kansu ba. Saura awa huɗu da minti goma. Saura awa uku da rabi. Duk lambar da ta ragu sai in ji kamar ni na ture ta da hannuna. Ta taga ba abin da ake gani sai hamada, ja da fari, babu bishiya, babu hanya, babu ko inuwar gajimare. Shekara nawa ina rubuta wa yara sunan wannan hamada a allo, ban taɓa sanin cewa mutum zai iya kallonta awa biyu ba ta canza ba.

Mun bar sararin Misira, ɗan hoton jirgin yana wajen da Libiya ta haɗu da Chadi, sai babanku ya gyara zama da kansa, abin da ya yi mako bai yi ba. Ya manna goshinsa a gilashin taga. Muryarsa ta fito tas, irin ta da, kafin ciwo.

"Saude, an share tsakar gida."

"Wane gida, Malam?"

"Ga Inna can a ƙarƙashin darbejiya tana sheƙar gero. Ta ɗaura baƙin saƙin nan nata. Kai, wa ya kwance akuyar nan? Za ta sa baki a ƙwarya."

Na leƙa ta kafaɗarsa. Yashi ne kawai har iyakar gani. Na taɓa goshinsa, babu zazzaɓi, sanyi ma ya yi. Ya ce yana jin ƙishirwa. Na buɗe robar ruwa na kai bakinsa, ya kawar da kai.

"Ba wannan ba. Na randa."

Daga nan ya ɗaga murya kaɗan, kamar mutumin da ya tsaya a bakin zaure, ya ce, "Salamu alaikum." Ya karkata kunne yana jira. Na ga fuskarsa ta saki, ya gyaɗa kai kamar wanda aka amsa wa.  Na kama hannunsa na fara yi masa kalmar shahada a kunne, ya bi ni, bai yi tuntuɓe ko a harafi ɗaya ba. Ya ja numfashi ya sake. Na jira na gaba. Na yi ta jira. Kansa ya gangaro a hankali ya sauka a kafaɗata. Na duba agogon hannuna, sha biyu daidai. Na ɗaga kai, talabijin ɗin ya nuna saura awa biyu da rabi.

A nan ne na yi abin da har yau nake neman gafarar Allah a kansa idan kuskure ne. A barandar asibiti na taɓa jin wasu 'yan ƙasarmu suna hira, suna cewa idan mutum ya mutu a jirgi, saukar da jirgin ake yi a ƙasa mafi kusa, a ajiye gawar a can sai an gama takardu, wani lokaci ma a can ake binnewa. Ban san ko gaskiya ne ba. Daga baya wasu sun ce min ba lallai a yi haka ba. Amma a wannan lokaci ba ni da wanda zan tambaya. Na kalli taswirar, na ga sunayen garuruwan da ke kusa, babu ko ɗaya da na san mutum a cikinsa. Kukan da ya taso min na haɗiye shi. Na shafa idanunsa na rufe. Na ja bargon jirgi na cusa a ƙarƙashin haɓarsa don kada bakin ya buɗe, na sauko da hularsa ta rufe rabin fuskar. Na riƙe wuyan hannunsa a ƙarƙashin bargo, na zauna.

Ban san tsohuwar nan tana kallo da idonta ɗaya ba. Ba ta juyo ba, carbinta kawai take ja. Can sai na ji ta ce, ƙasa-ƙasa, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta warware babban mayafinta ta shimfiɗa a kan cinyoyina da nasa.

"Ɗiyata, ki daure. Maigida barci yake yi. Ni ma na shaida barci yake yi."

Ba a daɗe ba ma'aikaciyar jirgi ta turo keken abinci. Yarinya ce mai fara'a, ita ta taimaka aka zaunar da shi da safe. Ta tambaye ni kaza ko kifi, sannan ta nuna shi da murmushi ta ce shi fa.  Tsohuwar ta ɗora yatsa a leɓenta, ta haɗa tafukanta ta kwantar da kunci a kai. Yarinyar ta gyaɗa kai, ta sauke ɗan teburin gabansa a hankali don kada ta tashe shi, ta ajiye masa abinci da kofin ruwa. Haka abincin nan ya zauna a gabansa yana tururi har ya huce. Ruwan kofin yana rawa da rawar jirgi, ni kuma ina kallonsa.

Ban taɓa sanin tsawon awa ɗaya ba sai ranar. Ɗumin hannunsa ya fara janyewa daga yatsu, ya hau zuwa tafi, ya kai wuyan hannu. Nauyinsa a kafaɗata ya ƙaru, irin nauyin da mai barci ba ya yi. A bayanmu wasu 'yan kasuwa suna gardama a kan atamfa suna dariya. Wani jariri yana kuka. Saura awa biyu. Saura awa ɗaya da minti arba'in. Akwai lokacin da na rantse lambar ta tsaya, na ƙirga numfashina har ɗari ba ta motsa ba. Sau biyu jirgin ya yi girgiza, hular ta zame, na mayar. Sau ɗaya kuma, Allah shi ne shaidata, na ji iska ta fita daga ƙirjinsa da ɗan sauti kamar zai yi magana, har na ce, "Na'am, Malam?" Tsohuwar ta danne gwiwata da hannunta ta girgiza kai. Da muka shigo sararin Nijar ƙasa ta fara yin kore, na ga gonaki da tafkuna, domin ƙarshen damina ne. Na sunkuya na ce masa a kunne, "Mun kusa." Ban san dalilin da ya sa na faɗa ba.

Wajen ɗaya da rabi na rana muka sauka a Kano. Da tayoyin suka bugi ƙasa sai da na tare ƙirjinsa da hannu biyu. Na jira kowa ya fita. Tsohuwar ce ta ƙarshe, ta ɗauki mayafinta ta dafa kaina ta wuce, ban ma tambayi sunanta ba, ban kuma sake ganinta ba. Da masu keke suka zo ɗaukarsa, na ce wa ma'aikaciyar nan mijina ya rasu. Ta taɓa hannunsa, ta ja da baya da sauri, ta kalli ɗan teburin da ta ajiye masa abinci a kai, ta fashe da kuka. Sai a lokacin nawa kukan ya samu hanya.

Aka kira likitan filin jirgi da jami'ai, aka yi ta tambayoyi. Na ba su takardun asibiti, na faɗi gaskiya, har da lokacin da ya cika da dalilin shiruna. Wani babba a cikinsu ya yi min faɗa sosai, sannan ya sa hannu. Baffanku Habu ya zo tarbarmu duk da fushinsa, aka shigo da shi. Ya buɗe fuskar ƙaninsa ya rufe, bai dube ni ba. Ya ciro waya ya kira Sale, ɗan ƙanin babansu mai shago a bakin hanyar ƙauye, don a sanar da Inna a kuma fara haƙa kabari. Ina tsaye kusa da shi. Na ji ya ce, "Sale, sai haƙuri," daga nan ya tsaya yana saurare. Na ga fuskarsa ta canza. Ya sauke wayar, a karo na farko ya juyo ya kalle ni.

"Wa kika kira?"

"Ban kira kowa ba, Yaya. Wayata tana kashe tun Alƙahira."

"Sale ya ce an gama haƙawa. Ya ce har an ɗinka likkafani."

Mun isa ƙauye rana ta yi sanyi. Tun daga nesa, da duwatsun Roni suka bayyana, na hango mutane zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, kamar an yi kwana da sanarwa. Aka shiga da shi, aka yi masa wanka, aka sallace shi, aka kai shi kafin magariba. Ni ina ɗakin Inna. Ba ta yi kuka ba. A bakin ƙofar ɗakin akwai kwanon sha cike da ruwa, an rufe da faifai, kowa yana tsallake shi. Da mata suka ragu ta jawo ni kusa da ita.

"Ina sheƙa a ƙarƙashin darbejiya," in ji ta, "akuya ta kwance tana neman sa min baki a ƙwarya, na tashi zan kore ta, sai na ji sallamarsa a zaure. Na amsa. Ya ce, 'Inna, ƙishirwa.' Na je randa na ɗebo, na fito, ba kowa. Na leƙa waje, ba kowa, ko sawu babu. Sai na san ya iso."

Na kalli zanen da ke jikinta. Baƙin saƙi ne.

Sale ya ba ni sauran labarin. Ya ce ta zo shagonsa ba takalmi ta ce a ba ta farin yadi, a kuma tara maza su tafi maƙabarta. Suka yi ta lallashinta, suka ce ai Habu ya tafi Kano tarbo su, a jira. Ba ta yi musu da kowa ba. Ta koma gida ta ɗauko fartanya ta nufi maƙabarta ita kaɗai. Kunya ta sa suka bi ta suka karɓa. Na tambaye shi ƙarfe nawa ta zo. Ya ce ya duba agogon bangon shago, sha ɗaya da 'yan mintoci. Sai na ji wani sauƙi ya sauko min. Na ce a raina, ni sha biyu na gani, ashe Inna ta riga abin da awa guda, zuciyar uwa ce kawai ta raya mata, sauran kuma dacewa ce. Da wannan na samu na runtsa kwana biyu.

Ranar sadakar uku na duba agogona na tashi zan yi alwalar azahar. Ƙanwata Binta, wadda kuka zauna a wajenta muna Misira, ta ce min, "Yaya, ina za ki? Ai da saura, ko kiran farko ba a yi ba. Agogonki yana gaba da awa ɗaya." Na tsaya da buta a hannu. Ban mayar da shi lokacin gida ba tun da muka taso. Ni da na shekara ashirin ina koya wa yara cewa Misira tana gabanmu da awa guda. Sha biyun da na gani a sama, sha ɗaya ce a Roni. Na ajiye butar na zauna a ƙasa. Bayan na fita takaba na kai maganar wajen limamin unguwarmu a Kazaure. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce al'amarin rai na Ubangiji ne, in yi wa mamaci addu'a, kada in tsananta bincike. Na bi maganarsa. Ba ni da bayanin da zan ba ku, kuma ba zan ƙirƙiro ba.

Baffanku kuwa ya samo nasa bayanin. Ya ce ba yadda za a yi a haƙa kabari kafin jirgi ya sauka sai idan labari ya riga ya iso, ke nan tun a Alƙahira ya rasu na aiko a ɓoye. Inna ta yi ta cewa ba wanda ya aiko mata, aka ce tsufa ne, tana kare ni ne. Ba ta shekara ba ita ma ta bi ɗanta, aka sa ta kusa da shi, na rasa mai shaidata. Shekara goma sha shida baffanku bai amsa gaisuwata ba. Bai zo ɗaurin auren Jidda ba. Ku kuka rasa 'yan uwanku, kuka tashi kamar ba ku da dangin uba, kuma na san kun ɗora masa laifin duka, kamar yadda 'ya'yansa suka ɗora min.

Bara, da ciwonsa ya yi tsanani, ya aiko a kira ni. Ban gaya muku na je ba. Na same shi a kwance a zaure ya rame, ya sa kowa ya fita.

"Saude, awa nawa kika yi da shi a haka?"

"Biyu da rabi, Yaya."



"Ni na yi masa wanka," in ji shi. "Na san gawar jiya, na san ta yau. Gaɓoɓinsa ba su gama sandarewa ba. Ga kuma shatin yatsunki a wuyan hannunsa. Tun a ranar na san ba ƙarya kika yi ba. Haushi nake ji kin ƙi bin maganata, kuma ke kika cika wa Inna alkawari ba ni ba. Na bar mutane suna faɗa, ban hana ba. Ki yafe min."

Na ce na yafe, duniya da lahira. Na ce ni ma ya yafe min, domin har gobe ban sani ba ko da mun zauna babanku zai ƙara wata guda yana jin muryoyinku a waya. Wannan watan ni na hana ku shi, kuma ban taɓa daina tunaninsa ba. Ya ce ya yafe. Bayan kwana tara ya rasu.

To, kun ji. Autar baffanku, Maryam, za a ɗaura mata aure bayan Sallah, kuma yayyenta duk mata ne. Jiya uwarta ta aiko tana tambaya, cikin jin nauyi, ko Aminu zai yarda ya tsaya mata a matsayin waliyyi. Ban jira na tambaye ka ba, Aminu. Na ce mata za ka je.